ƘARARRAWAR JIKI DA MAGANIN DA KE TOSHE TA: HAƘƘINMU NE MU SAN ABIN DA MUKE SHA

Jawabin da Sakataren Ƙungiya ya gabatar a taron wata-wata na 'yan ƙungiya mazauna Abuja da kewaye



Kamar yadda muka saba, a kowane zama mukan ɗauki haƙƙi guda mu tattauna a kansa. Yau kwamitin gudanarwa ya ɗora mana nauyin yin magana a kan magani, musamman irin magungunan da ake haɗawa domin su toshe saƙon garkuwar jiki. Wataƙila wani ya ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mai shayi a Karmo ko mai sayar da katako a Dei-Dei da aikin masana kimiyya? To, abin da ya haɗa mu da shi ya faru ne a cikin gidanmu, kuma da yawa daga cikinku sun ba da gudummawa a lokacin.

Akwai wata 'yar'uwarmu, uwar 'ya'ya huɗu, wadda ta yi shekaru tana fama da ciwon gaɓoɓi da zazzaɓi da zubewar gashi da wasu ƙuraje a kumatu. An yi mata maganin taifot, an yi na maleriya, har aka fara zancen sammu. Daga baya wani likita ya gano cewa cutar lufus ce, ya ɗora ta a kan wata ƙwaya mai suna haidiroksikulorokwin, ta samu sauƙi har ta koma sana'arta. A watan Maris na 2020, da aka baza labarin cewa kulorokwin yana maganin korona, sai mutane suka yi wa kemis-kemis tsinke. Maganin ya ɓace, inda aka same shi kuma kuɗinsa ya ninka. Ranar 30 ga watan aka rufe Abuja, ba shiga ba fita. Maigidanta ya yi ta nema bai samu ba, ta yi makonni ba ta sha ba, ciwon ya dawo har ya taɓa ƙodarta. Sai da ƙungiya ta yi karo-karo kafin aka shawo kan lamarin.

Bayan ta samu lafiya muka tambayi maigidan nata: Malam, me ya sa take shan maganin maleriya alhali ba maleriya take yi ba? Ya ce wallahi bai sani ba, ba a taɓa gaya masa ba. Mu ma da muka yi tambayar ba mu sani ba. Wannan ne ya sa muka zauna da wani ɗan ƙungiya mai aikin haɗa magunguna, muka ce ya yi mana bayani irin wanda mu da muka koyi karatu da girma a ajin yaƙi da jahilci za mu gane. Abin da muka fahimta shi ne za mu gabatar muku.

MASU GADIN JIKI DA ƘARARRAWARSU

Jikin ɗan Adam yana da masu gadi, su ne fararen ƙwayoyin jini da danginsu, waɗanda a dunƙule ake kira garkuwar jiki. Mai gadi ba ya tashi haka kawai, sai ya ji ƙararrawa. A jikin waɗannan ƙwayoyi, da kuma cikinsu, akwai wasu ƙananan abubuwa da aka gina da furotin, ana kiransu makarɓan saƙo. Kowane makarɓi kamar kwaɗo yake, yana da rami mai siffa ta musamman. Idan wani ɓangare na ƙwayar cuta ya shiga ramin ya zauna daram kamar mabuɗi, sai makarɓin ya juya, ya aika saƙo cikin ƙwayar halitta, ita kuma ta saki sinadaran da ke kiran sauran masu gadi. Zazzaɓi da kumburi da zafin da muke ji alamu ne cewa ƙararrawa ta kaɗa, yaƙi ya fara.

Akwai wani dangi na waɗannan makarɓa da ake kira TLR, guda 10 ne a jikin mutum. An fara gano aikinsu ne a jikin ƙudan 'ya'yan itace, a binciken Jules Hoffmann da abokan aikinsa a Faransa a 1996. A 1998 Bruce Beutler a Amurka ya nuna cewa na huɗu a cikinsu, wato TLR4, shi ne yake gane gubar da ke jikin wasu ƙwayoyin bakteriya. Wannan aiki ya sa aka ba su biyun lambar yabo ta Nobel a 2011 tare da Ralph Steinman. Na bakwai kuwa, TLR7, yana zaune ne a cikin wata 'yar jaka a cikin ƙwayar halitta, aikinsa shi ne gane ƙwayar gadon bairos.

A cutar lufus, wannan ƙararrawa ce take rikicewa. Sai ta ɗauki tarkacen ƙwayoyin jikin mutum da kansa a matsayin baƙon ɓarawo, ta yi ta kaɗawa ba dare ba rana, masu gadi su far wa mai gida: fata, gaɓoɓi, jini da ƙoda. A cikin kowane mutum 10 masu lufus kusan 9 mata ne, kuma ta fi yawa, ta fi tsanani a tsakanin baƙar fata. A 2022 masana sun wallafa labarin wata yarinya a ƙasar Sifen wadda ta kamu da lufus mai tsanani tana da shekara 7. Da aka duba, sai aka ga canji ɗaya tak a tsarin TLR7 ɗinta wanda ya sa yake saurin kaɗawa. Da aka sanya irin wannan canji a jikin ɓeraye, su ma suka kamu. Saboda haka, iyaye mata, wannan cuta ba jifa ba ce, ba aikin kishiya ba ne, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

MAGANIN DA AKA TSINTA

Yanzu sai mu koma ga kulorokwin, wanda duk mai shekara 40 a ɗakin nan ya san ɗacinsa, wasunmu kuma sun san ƙaiƙayinsa. Hans Andersag ne ya haɗa shi a kamfanin Bayer na Jamus a 1934. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an lura cewa sojojin da ke shan wani ɗan'uwansa domin rigakafin maleriya suna samun sauƙin ƙurajen fata da ciwon gaɓoɓi. A 1955 aka amince da haidiroksikulorokwin a Amurka. Likitoci sun yi shekaru da dama suna ba masu lufus shi ba tare da an san yadda yake aiki ba. Sai daga baya aka gano cewa yana taruwa ne a cikin waccan 'yar jaka da TLR7 yake zaune, ya hana saƙon isa gare shi yadda ya kamata. Wannan yana cikin manyan hanyoyin da yake kwantar da cutar.

Nijeriya ta daina amfani da kulorokwin a matsayin babban maganin maleriya tun 2005, domin ƙwayar cutar ta daina jin sa. Amma ga mai lufus ɗan'uwan nasa yana nan da amfaninsa. Wani gwaji da aka yi a Kanada, aka wallafa a 1991, ya nuna cewa waɗanda aka janye wa maganin haɗarin tashin ciwonsu ya ninka sau biyu da rabi. Abin da ya samu 'yar'uwarmu ke nan. Abin takaicin shi ne, a watan Yuni na 2020 babban gwajin da aka yi a Ingila ya tabbatar da cewa maganin ba ya ceton masu korona da ke kwance a asibiti. Waɗanda suka kwashe shi ba su amfana ba, har an samu waɗanda ya yi wa illa a Legas saboda yawan sha, masu buƙatarsa na gaskiya kuwa aka bar su hannu rabbana.

MAGANIN DA AKE ƘERAWA

Kulorokwin tsintuwa aka yi. Masana na zamanin nan kuwa so suke su ƙera maganin da gangan, kuma aikin nasu ya yi kama da na mai yanka mabuɗi a bakin kasuwa, sai dai shi nasu mabuɗin ba a son ya buɗe. Ana son ya shiga ramin kwaɗon ya maƙale, ya tare wurin, yadda mabuɗin gaske ba zai samu shiga ba, ko kuma ya riƙe kwaɗon ta wani gefe ya hana shi juyawa.

Ana kiran irin waɗannan magunguna masu ƙaramar ƙwayar sinadari. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, nauyin kulorokwin kusan 320 ne, yawancin magungunan haɗiya ba su wuce 500 ba, amma manyan magungunan allura da ake yi da furotin sukan kai 150,000. Ƙanƙantar nan tana da muhimmanci a gare mu. Ƙaramin magani yana iya ratsawa cikin ƙwayar halitta ya tarar da makarɓi irin TLR7 a inda yake ɓoye. Ana iya haɗiye shi a gida, yawanci ba ya buƙatar firji, kuma idan wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare wasu kamfanoni suna iya yin irinsa da araha. Ga mutanen da ke zaune a unguwannin da wuta ba ta tsayawa, kuma asibiti yake da nisa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga yadda aikin yake tafiya. Da farko sai an tabbatar cewa wannan makarɓi shi ne tushen matsalar. Na biyu, a gwada dubban ɗaruruwan sinadarai a kansa da na'ura, a ga wanda ya ɗan kama. Na uku, a ɗauki hoton siffar makarɓin da manyan na'urori, ko a yi hasashenta da kwamfuta, aikin da ya kai ga ba Demis Hassabis da John Jumper da David Baker lambar Nobel a 2024. Na huɗu, a yi ta gyaran sinadarin, a ƙara nan a rage can, har ya dace da ramin, ya kuma daina shiga wasu kwaɗunan da ba nasa ba. Sai gwaji a kan dabbobi, sannan a kan mutane a matakai uku: 'yan kaɗan masu lafiya domin a ga illarsa, sai ɗaruruwan majinyata, sai kuma dubbai. Tafiyar takan ɗauki shekara 10 zuwa 15, kuma a cikin magani 10 da suka kai ga gwajin mutane kusan 9 sukan faɗi a hanya.

Bari mu ba da misali da wanda ya yi nasara. A 1996 aka gano cewa ƙwayar cutar ƙanjamau tana bi ta wani makarɓi mai suna CCR5 ne ta shiga fararen ƙwayoyin jini. An kuma gano cewa kusan mutum 1 cikin 100 na Turawan arewacin Turai an haife su ba su da shi, suna zaune lafiya, kuma da wuya irin wannan ƙwayar ta kama su. Masanan kamfanin Pfizer a garin Sanwic na Ingila suka duƙufa neman abin da zai toshe shi. Sinadaran farko da suka samu suna taɓa bugun zuciya, don haka sai da suka haɗa kusan 1,000 ɗaya bayan ɗaya kafin su dace da marabirok, wanda aka amince da shi a 2007. Wani makamancinsa na wani kamfani an dakatar da gwajinsa a 2005 saboda yana lalata hanta.

Ga kuma wanda ya faɗi. An ƙera eritoran domin ya toshe TLR4 a jikin waɗanda ƙwayar cuta ta shiga jininsu har garkuwa ta haukace. A ɗakin bincike ya yi aiki sarai. Amma da aka gwada shi a kan majinyata kusan 2,000, sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna bai rage mutuwa ba. Game da lufus kuwa, kamfanin Merck na Jamus ya ƙera enfatoran domin ya zauna a kan TLR7 da TLR8 kai tsaye. A 2025 an bayyana cewa ya taimaka wa masu lufus ɗin fata a gwaji mataki na biyu, kuma a lokacin gwaji yake ciki, bai shiga kasuwa ba.

TOSHE ƘARARRAWA YANA DA FARASHI

'Yan'uwa, duk wanda ya kashe ƙararrawar gidansa domin ta dame shi, to ya san ɓarawo ma zai ji daɗi. A 2020 likitoci a ƙasar Holan sun ba da rahoton wasu samari huɗu daga gidaje biyu, masu ƙarfi da lafiya, waɗanda korona ta kwantar magashiyan. Da aka bincika sai aka ga TLR7 ɗinsu ba ya aiki tun haihuwa. Kun ga ke nan idan ya yi yawa lufus, idan babu shi bairos ya samu ƙofa. Gwanintar mai ƙera magani ita ce ya rage ƙarar ba tare da ya kashe ta ɗungurungum ba.

Shi ya sa irin waɗannan magunguna ba na saye a tire ko a motar talla ba ne. Tofasitinib, wanda aka amince da shi a 2012 domin ciwon gaɓoɓi, yana toshe saƙon ne daga ciki bayan makarɓi ya karɓa, kuma an yi gargaɗi cewa yana iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki. Ƙasarmu tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, don haka gwajinsa kafin fara irin wannan magani wajibi ne. Shi ma haidiroksikulorokwin da nauyin mutum ake auna shi, kuma mai shan sa shekara da shekaru yana buƙatar a riƙa duba masa ido.

INA HAƘƘINMU A CIKI?

Tunda babu maganin da ke fitowa sai an gwada shi a jikin mutane, to tambayar ita ce jikin wa, kuma da yardar wa? Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa da yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi. Gwamnatin Tarayya ta shigar da ƙara nan Abuja a 2007, a 2009 kuma aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Darasin ba shi ne a guji gwaji ba. Idan ba a gwada magani a kan mutanenmu ba, to za a kawo mana abin da aka auna da jikin wasu, alhali mun ga yadda waccan halitta ta rashin CCR5 take a Turai amma kusan babu ita a Afirka ta Yamma. Darasin shi ne a yi gwaji bisa ƙa'ida.

Ƙa'idar kuwa tana nan a rubuce. A 2007 aka fitar da kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, akwai kuma kwamitin ƙasa da ke kula da shi ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce ba a yin bincike a kan mutum sai da yardarsa a rubuce bayan an bayyana masa manufa da abin da ka iya biyo baya. Dokar ta kuma ce a sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfani da haɗarin kowace, kuma gwargwadon iko a yi haka da harshen da yake ji, tare da la'akari da zurfin karatunsa. A 2018 gwamnati ta ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin majinyata wadda ta ƙara jaddada haka. Babu inda aka ce sai ɗan asalin gari ko sai mai jin Turanci. Maigidan 'yar'uwarmu yana da haƙƙin a gaya masa da Hausa dalilin ƙwayar da matarsa take sha, kuma da ya sani, da tun makon farko ya garzaya wurin likita ya nemi mafita.

Har ila yau akwai batun samun maganin. A Idu, nan kusa da mu, akwai Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1987. A ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe ta samar da Niprisan domin masu sikila, daga tsirrai huɗu da suka haɗa da masoro da kanumfari da ganyen dawa, ta kuma samu haƙƙin mallakarsa a Amurka a 1998. An ba kamfanin Xechem lasisi a 2002, aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a 2006, amma cikin 'yan shekaru kamfanin ya durƙushe, maganin ya yi ƙaranci, majinyata suka shiga wahala. Wannan ya nuna mana abu biyu: muna da masanan da za su iya, sannan gano magani daban, tabbatar da cewa yana nan a kanta kullum daban.

SHAWARWARIN KWAMITI

Na ɗaya, duk wanda aka rubuta wa maganin da zai daɗe yana sha, ya yi tambaya huɗu kafin ya tashi daga gaban likita: mene ne sunansa, me yake yi a jikina, wace illa zan lura da ita, kuma me zai faru idan na daina? Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar gwaji sai an karanta masa ita da Hausa a gaban shaidar da ya yarda da shi, an kuma ba shi kwafi. Yana da ikon ƙi, yana da ikon janyewa a tsakiya, kuma hakan ba zai hana a duba shi ba.

Na uku, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kowane kwali, kuma kada mu sake sayen magani saboda jita-jitar waya. Wanda ka ajiye a ɗaki ba buƙata, wataƙila ran wata ne ka ajiye.

Na huɗu, macen da ta daɗe tana ciwon gaɓoɓi da zazzaɓin da ba ya jin magani, da ƙuraje a fuska ko kumburin ƙafa, a kai ta babban asibiti, kamar Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, a nemi ganin likitan gaɓoɓi.

Na biyar, ofishin Sakatare zai buɗe rajista ta sirri domin 'yan ƙungiya masu shan magani na dindindin, saboda idan aka sake shiga ƙaranci mu san wa za mu fara nema wa. Za mu kuma taimaka wa masu son shiga shirin inshorar lafiya na Babban Birnin Tarayya wajen cika takardu. Malaman ajinmu na dare sun amince su ware darasi guda kowane wata domin koyon karanta kwalin magani.

Muna roƙon iyaye mata su kai wannan saƙo ga waɗanda ba su samu zuwa ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.